Wurin da Fu Ya Sauka

Na daɗe ina zaune a akurkin da ke kallon na Kuang Desheng, a bakin gadar Baisha. Ni ina karɓar kuɗin motocin da ke shiga gari, shi yana karɓar na masu komawa ƙauye. Akurki muke ce wa ɗakunan don ba su fi haka ba: kujera, taga, da hayaƙin motocin yashi da ke shiga mana har cikin shinkafa. Idan ka shekara kana kallon mutum ta taga, kana iya gane ranar da gwiwarsa ke ciwo ba tare da ya faɗa ba.

Kafin a yi gada, Kuang ɗan fito ne. Shi da abokinsa Fu Changgen suke haye da mutane kogi, Fu a goshin jirgi, shi a baya. Da ƙaramar hukuma ta ci bashin banki ta gina gada, sana'arsu ta mutu rana ɗaya. Fu ya koma noman barkono, Kuang kuwa aka ba shi akurki don a toshe masa baki. Aka ce aikin na wucin gadi ne, amma kwanan nan za a mai da shi cikakken ma'aikacin hukuma, mai fansho da katin asibiti. Wannan "kwanan nan" ɗin ya ga shugabanni sun zo sun tafi, ya ga furfura ta cinye kan Kuang. Ni nakan ce masa jiran gawon shanu yake yi, shi kuma ya kurɓi shayinsa daga tsohuwar kwalba ya ce to me zai yi. Ba shi da ɗa namiji, 'yarsa ɗaya ta yi aure can kudu, matarsa kuma ciwon suga ya fara taɓa mata ido. Takardar zama cikakken ma'aikacin nan ita ce tsufansu gaba ɗaya.

Mu nan, idan mutum ya mutu a asibitin gari aka ɗauko shi zuwa gida, ba a haye ruwa da shi shiru. Babban ɗansa yakan leƙo ta taga ya kira shi, ya ce masa ga gada, ya biyo su. Kuma ba a tsayawa. In mota ta tsaya a bakin ruwa, mamaci yakan ɗauka an iso, ya sauka, gawa ta wuce ta bar shi. Kuang ya san wannan tun yana fito. Saboda haka da ya hango mota da farin ƙyallen makoki, tun daga nesa yake ɗaga sandar shinge, ya miƙe tsaye har ta wuce. Bayan an gama binnewa sai dangi su dawo su biya, su ajiye masa kwalin taba a taga. Ba doka ba ce, amma kowa ya san haka ake yi.

Daga baya motocin yashi suka fara tsaga gadar, sai hukuma ta kafa sikeli a ƙasan kowane shinge, ta rataya kamara a sama. Yanzu sanda ba ta tashi sai mota ta tsaya cik a kan sikeli. Akwai makullin ɗagawa da hannu, amma na gobara ne da motar asibiti. Kuang ya yi amfani da shi wa wata gawa, aka ja masa kunne. Da ya sake yin haka, sai shugaban tasharmu, Yi, ya kira shi ofis. Yi ba mugu ba ne, gajiyayye ne kamar mu, ana matsa masa daga sama yana matsa mana. Ya ce sunan Kuang ya kai teburin ƙarshe a bana, amma idan kamara ta sake ganin makullin nan, ko wucin gadin ma ya tafi.

Kuang ya fito yana share wuya da tawul. Na ce masa, "Yaya Kuang, sai ka roƙi tsofaffin Baisha su haƙura da mutuwa sai baɗi."

Ya ce, "Ke dai bakinki ya fi barkonon Fu."

Ashe Fu ɗin ne zai karya mana lissafi. Ya faɗi a gona, aka kai shi gari, bai kwana biyu ba ya cika. Da hantsi aka ɗauko shi. Na hango motar da farin ƙyalle tana gangarowa, ba ta rage gudu ba, don direban ya san wanda ke akurkin. Ɗan Fu ya riga ya leƙo da kansa yana kira, "Baba, ga gada nan, biyo mu." Na dubi Kuang. Ya miƙe tsaye kamar kullum, hannunsa na cikin aljihun da makulli yake. Na ga hannun yana motsi. Bai fito da shi ba.

Direba ya taka birki har tayoyi suka yi ƙara. Mota ta tsaya a kan sikeli, ɗan Fu ya yi shiru a tsakiyar kira. Ba wanda ya yi zagi, da ma an yi da ya fi sauƙi. Direba ya miƙa kuɗi ba tare da ya dubi taga ba, sanda ta tashi, suka wuce. Kuang ya koma ya zauna, ya ci gaba da karɓar kuɗin motocin yashi har ƙarshen aikinsa. Ranar na ji haushinsa, na ji tausayinsa, kuma na san da ni ce da abin da zan yi ke nan.

Bai je wurin makoki ba. Kafin sanyi ya shigo takardarsa ta fito, ya zama cikakken ma'aikaci. Matarsa ta dafa naman alade da kyafaffen kifi don a taya su murna, mu 'yan tasha muka je muka ci, amma daga ƙauye ba wanda ya leƙo.

Sai Inna Tian, matar marigayi Fu, ta fara zuwa gada. Da na ganta karon farko ta doso akurkin Kuang da kwando, na ce yau za a yi ta. Amma ta kunna turaren tsinke ta kafa a gindin sandar shinge, ta ajiye ɗan ƙoƙon giyar shinkafa, sannan ta miƙa wa Kuang kwanon abinci ta taga.

Ya ce, "Matar yaya, ban cancanci wannan ba."

Ta ce, "Ci mana. A nan ya sauka, kai ne kake zaune da shi yanzu. Ka san shi ba ya son kaɗaici. Ka riƙa yi masa magana."

Dangi sun kawo mai addu'a ya buga ƙararrawa ya kira Fu gida, amma Inna Tian ta ce har yanzu ba ta gan shi a mafarki a cikin gida ba, kullum a bakin ruwa take ganinsa. Haka ta ci gaba da zuwa duk ranar kasuwa, da kwandonta da kwanonta. Ba ta taɓa faɗa masa baƙar magana ba. Shi kuma yana cin abincin a gabanta kamar mai haɗiyar tsakuwa. Wani lokaci, idan hanya ta yi tsit, nakan ga leɓɓansa suna motsi yana kallon gindin sanda.

Ana haka aka yi sabuwar hanya a sama da mu, motocin yashi suka koma can, hukuma ta ga albashinmu ya fi abin da gadar ke kawowa. Aka ce an yafe kuɗin gada, aka rataya jan ƙyalle na biki, aka yi jawabi a kan ƙaunar talakawa. 'Yan wucin gadi aka sallame mu da kwalin man girki. Kuang, da yake cikakke ne, aka ba shi ritaya da fanshonsa, matarsa ta samu aikin idonta.

Ranar da aka zo rushe akurkin, Inna Tian tana tsaye da kwandonta. Ta kalli yadda aka cire sandar aka jefa a bayan mota, sannan ta juya wurin Kuang ta ce, "To yanzu wa zai zauna da shi?"

 Tun daga ranar, duk safiyar da na bi gadar zuwa kasuwa, inda nake sayar da taliya yanzu, ina ganinsa a gefen hanya a kan 'yar kujerar gora da yake ɗaukowa daga gida, daidai inda simintin akurki ya bar tabo. Motoci suna wucewa a guje, ba mai tsayawa. Na taɓa ce masa ya je gida ya huta, ai ya samu abin da ya jira. Ya ce ya sani, zai tashi idan rana ta yi zafi.