Clem Rafferty da Ƙofa ta Ashirin da Uku

Daga ranar ɗaya ga Agusta, mai neman Clem Rafferty kada ya wahalar da kansa zuwa gidansa. Da an fito daga Misa, ibadar coci ta ƙarfe bakwai na safe, zai shiga tsohuwar a-kori-kurarsa, da filas ɗin shayi da filaya da naɗin waya, ya nufi daji. Can zai ajiye motar a gindin wata bishiyar turare, ya ɗauki sandarsa, ya taka kilomita biyar ko shida na hanyar da za mu bi a ƙarshen Oktoba, sannan ya juyo ya sake taka su har wajen motar. Wato kafin mu yi tattakinmu sau ɗaya, muna nishi muna nuna wa juna bororon ƙafa, shi ya riga ya yi shi sau biyu, ba mai waƙa a gabansa, ba mai ɗaukarsa hoto. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki, kuma bana shekarunsa saba'in da huɗu.

Mun iya cika baki da tattakin nan namu. Kwana uku, kilomita tamanin, daga cocinmu na Corrabin zuwa ɗan cocin Uwargida Maryamu da ke kan Dutsen Tullagh, mu isa ranar Idin Kristi Sarki. Mutum ɗari uku, ga gicciye a gaba, ga tutoci, ga jan carbi da waƙoƙin Latin, Fada, limamin cocinmu, yana tafe yana sauraron masu furta zunubi. Abin da ba ma faɗa shi ne, ƙasar da muke takawa ba tamu ba ce. Gonakin mutum goma sha bakwai ne, da ƙofa arba'in da ɗaya, kuma yawancin masu gonakin ba 'yan Katolika ba ne.

Clem ne yake roƙo mana hanya. Gida-gida yake bi, ta ƙofar baya kamar yadda maƙwabci yake yi, hularsa a hannu. Ya sha shayin kowa, ya ji kukan kowa a kan farashin ulu da ƙarancin ruwa, ya ɗaure musu wayar shingen da ya gani ta saki a hanya, sannan ya nemi izini sabo fil, kamar ba a taɓa ba shi ba. Ana jibi tafiya zai sake zagawa ya tambayi kowane manomi yadda yake son ƙofarsa. Wadda za a rufe ya ɗaura mata jan tsumma, wadda za a bari a buɗe ya ɗaura mata fari. Domin ko yaron goye a ƙasar nan ya san doka: ƙofar gona, yadda ka same ta haka za ka bar ta.

Ranar tattaki kuwa shi ne wutsiyar ayari. Na gaba su buɗe su wuce suna waƙa, shi ya zo a bayan kowa ya mayar da kowace ƙofa yadda mai ita ya ce, ya tsince ledojinmu, ya lallaɓo waɗanda ƙafa ta gaza. Shekara ashirin da biyar bai taɓa samun farkon Misar kan dutse ba. Kullum sai an kai karatun Bishara yake isowa, ya tsaya a waje da ƙudaje a bayan rigarsa.

Kai ne wanda ba ka cikin hoton kowace shekara, Clem, domin lokacin da ake ɗauka kana can ƙasa kana fama da sarƙa. Kai ne ka sa muka ɗauka hanya da kanta take buɗe mana.

Bara aka yi mana sabon shugaban shirye-shirye, Damian Costigan, lauya daga Sydney, mutum mai ibada, ba na musun wannan. Ya zo da takardu da taswira a wayar hannu, ya tare Clem a harabar coci a gaban mutane.

"Clem, abokina, gwiwar nan taka ta gama aiki. Bana ka shiga motar ruwa ka huta, ko sau ɗaya a rayuwarka ka ji Misa daga farko."

"Ƙofofin fa?" in ji Clem.

"Ƙofa ce fa, ba tiyatar ƙwaƙwalwa ba. A buɗe, a rufe, shi ke nan. Na rubuta wa kowa."

"Tsummokarana fa?"

"Haba, Clem! Tsumma, a wannan zamanin?"

Aka yi dariya. Clem ya juya hularsa a hannu, ya ce, "To, ka gaya musu ta ashirin da uku a buɗe take zama."

"Na ji, na ji," in ji Damian, idonsa na kan wayarsa.

Bai ji komai ba. Abin da aka raba wa masu tafiya a takarda layi ɗaya ne: wanda ya zo ƙarshe ya rufe kowace ƙofa.

Ƙofa ta ashirin da uku tana gonar Noela Wenke, gwauruwa 'yar cocin Luther, wadda shekara da shekaru take barinmu mu ratsa mata gona ba ta taɓa neman ko godiya ba. Ƙofar ce tsakanin tudun da tumakinta suke kiwo da kwamin da suke shan ruwa, shi ya sa take ɗaure a buɗe da waya. Ranar Asabar da tsakar rana muka wuce, aka kwance wayar, aka ja ƙyauren, aka maƙala sarƙa da kyau. Noela tana garin Albury wajen 'yarta da ta haihu. Iskar arewa mai zafi ta taso, kwana biyu zafi kamar bakin tanda. Mu kuwa muna kan dutse muna rera waƙar godiya.

Ranar Litinin da safe Clem yana share motar ruwa ya tsinci takardar Damian a ƙarƙashin kujera. Matarsa Bernice ta ce ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba. Ya tarar da garken ya dunƙule a jikin ƙofar, suna kallon ruwa daga taku ashirin. Tunkiya talatin da ɗaya sun mutu, wasu ƙishirwa, wasu tattakewa, 'ya'yansu na tsaye a kansu suna kuka. Shi ya buɗe, shi ya kira Noela a waya, shi ya taya ta tara gawarwakin da tarakta.

A nan ne raina yake ɓaci har yau. Da aka zauna taro, rahoton ya ce wai "an samu sakaci wajen kula da ƙofofi." Ba suna, ba komai. Amma wa bai san cewa in aka ce ƙofa a cocin nan Clem ake nufi ba? Da kunnena na ji wata daga cikin mawaƙa tana cewa a bakin coci, "Allah sarki, tsufa ne, ya kamata tun tuni a sallame shi." Mutumin da aka cusa a mota ƙarfi da yaji, shi aka shafa wa kashin kaji, masu tsarkin nan kuma kowa ya yi gum. Mun yi kwana uku muna tuba a kan hanya, amma gaskiya guda ɗaya ta gagare mu faɗa.

Noela ta sa kwaɗo a ƙofofinta huɗu. Kwamiti ya aika mata wasiƙa mai daɗin baki, da ɗan kati mai hoton waliyyi da alkawarin za a sa ta a addu'a. Ta mayar da shi ta hannun mai kai wasiƙu, ta ce, "Ka gaya musu tumakina 'yan Luther ne, ba sa karɓar kati." In ba ta gonarta ba kuwa, sai dai babban titi, kilomita goma sha huɗu ba gefen tafiya, manyan motocin shanu na wucewa a guje, mu da tsofaffi da kekunan jarirai. Ba hukumar da za ta ba da izinin wannan, kuma da gaskiyarta. Maganar a fili take: in Noela ba ta buɗe ba, babu tattaki bana, wataƙila ma ba za a sake yi ba.

Kwamiti ya yi ta taro. Clem kuwa tun watan Mayu, kowace Talata, sai ya ajiye motarsa a bakin gonar Noela. Ranar farko ta fito da karnukanta ta ce, "Rafferty, in saƙon Paparoma ka kawo, juya."

Ya ce, "Shingenki na gabas ya kwanta. Filaya na kawo."

Ta bar shi, ba ta ba shi ko ruwa ba. Ya gyara shingen cikin sanyin hunturu, wanda a ƙasar nan a watannin yake kamawa. Lokacin haihuwar tumaki ya durƙusa a taɓo da wannan gwiwar yana jawo 'yan raguna. Lokacin sausayar ulu ya share rumfa, ya kora garke. Wata huɗu bai ambaci tattaki ba ko sau ɗaya. Ita da bakinta ta ba ni labarin ranar da abin ya ishe ta. Ta ajiye masa kofin shayi a kan turken shinge, ta ce, "Kai tsohon banza, yaushe za ka yi roƙon da ya kawo ka, in ce a'a, mu huta?"

"Ban zo roƙo ba, Noela. Tuba nake yi."

"Tuban me? Na san ba kai ka rufe ba. Kana cikin mota kana shan iska."

"Shi ne laifin," in ji Clem. "Da yaron nan ya ce in shiga mota, bakina ya yi gardama, amma gwiwata ta ji daɗi. Na san bai saurare ni ba, na gani a idonsa. Na shiga na zauna."

Noela ta ce, "Ku 'yan Katolika, in ba ku sami laifi ba sai kun aro na wani." Ta shiga gida ta fito da mabuɗi a zaren ulu, ta miƙa masa. "Kai na ba, ba cocinku ba. Kai za ka zo a ƙarshe. Ranar da ƙafarka ta daina, ƙofata ta rufe, sai dai in ka kawo mini wanda ka koya wa da hannunka, in dube shi ido cikin ido."

Ƙafar kuwa ta kusa dainawa. Likita ya sa masa ranar tiyata a watan Nuwamba, ya kuma gaya masa tattakin bana shi ne na ƙarshe.

Kai ne ka sayo mana hanyar nan da gwiwarka, Clem, mu da muka bar ka da kunyar da ba taka ba. Kai ne ka yi tuban gaske a cikin kashin tumaki, mu muna yin namu a ƙarƙashin tuta mai geza. Gatan na baya, mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare kamar yadda muka saba sa ka zuwa Misa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Hannun da ya kwance wayar ƙofa ta ashirin da uku nawa ne. A garin nan aka haife ni, na san doka tun ban iya ɗaura takalmi ba. Na ga wayar, na ga irin murɗin Clem a jikinta, amma takarda tana aljihuna, carbi yana hannuna, ina jin kaina kusa da sama, sai na bi takarda. A taro ma ina zaune, na yi shiru tare da masu shiru. Makon jiya na je na gaya wa Noela, ta wanke ni tas. Da na gaya wa Clem, sai ya ce, "Ai na sani. Kai kaɗai ne a cocin nan kake maƙala sarƙa ta hagu." Shekara guda yana gaishe ni kowace Lahadi, bai taɓa ko canza fuska ba.

Yanzu takardu uku ne a allon bakin coci. Ta masu ɗaukar tuta ta cika har an juya bayanta. Ta mawaƙa ta cika. Ta ukun Clem ne ya liƙa da rubutunsa mai karkata: ana neman wanda zai yi tafiya a baya, ya koyi ƙofofi, ba zai sami farkon Misa ba. Sati uku tana nan fara fat, mutum ɗari uku masu son tuba suna wuce ta.

Na sa sunana, kuma ba abin yabo ba ne, shekaruna sittin da ɗaya, ni ma ba zan daɗe ba. Damian, na san kana karanta wannan. Ku ma da kuka yi dariyar tsumma, na san kuna karantawa. Ranar Talata da ƙarfe takwas Clem zai fara daga ƙofa ta ɗaya, kuma bayan motarsa akwai wuri. Biro yana nan rataye a jikin allon, na gwada shi, yana rubutu.