Ranar da Iska Ta Juya wa Mai Burodi

Mai burodi mutum ne mai zafin kai, irin wanda ke fara mari kafin ya tambayi laifi. Tun yana saurayi ya gina tanderunsa da hannunsa, ya saita bututun yadda iskar yamma za ta kwashe hayaƙi da zafi ta zubar a filin bayan unguwa. Da tanderun nan ya yi aure, ya aurar da ƙannensa, a bakin tanderun gashin hannunsa ya ƙone ƙurmus.

Sai iska ta sauya hanya. A rediyo aka ce iskokin can sama ne suka karkace, suka danne zafi a kan yankin kamar murfin tukunya. Kwalta ta yi laushi, kaji suna faɗuwa matattu. Ɗan abin da ke kaɗawa kuma daga gabas yake zuwa, yana tura hayaƙin cikin tagar maƙwabcinsa mai walda, inda tsohuwarsa ke kwance tana fama da numfashi.

Mai walda ya zo da lalama, ya roƙi a kashe wutar har zafin ya sauka. Gogan naka ya ce ba shi ke tuƙa iska ba, kuma tanderunsa ya girmi tagar. Girman kai dai rawanin tsiya ne.

Ranar da tsohuwar ta suma da azahar, mai walda ya shigo da guduma. Mai burodi ya zaro dogon ƙarfen kwashe burodi ya sheme shi a haƙarƙari. Suka kaure da kokawa cikin fulawa da gumi, farantai suna zubewa. Ya danna kafaɗar mai walda a ƙofar tanderun har fata ta yi ƙauri, bai sake shi ba sai da matarsa ta rataye a wuyansa tana kuka.

Mai walda ya miƙe yana layi, bakinsa jina-jina.

"Yaya," ya ce, "tsohuwar nan tawa ita ta shayar da kai da mahaifiyarka ta rasu. Je ka gan ta."

Ya je. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙinsa, bango ba ya taɓuwa don zafi. Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar, ta ga jini a rigarsa, ta tambaye shi wane azzalumi ne ya taɓa mata shi. Kunya ta kama shi.

Ya koma ya ɗauki bokiti ya sheƙa wa tanderun ruwa da wutarsa, yana sane sarai zai tsage. Ya tsage kuwa, tun daga baki har gindi.