Kwalbar da Yaya Ayuba ya bar mini

A shekarar da aka rufe gari saboda korona, jirgin ƙasa na monorel yana wucewa ta unguwar Bukit Bintang babu kowa a ciki, a shekarar ce yayana Ayuba ya rasu. Yau shekara biyar ke nan.

Shi ya kawo ni Kuala Lumpur daga Pankshin. A otel ɗaya muke aiki, ni ina wanke-wanke a kicin, shi yana zuba wa baƙi ruwan inabi. Akwai wani ja da yake so, irin wanda ba a zuba masa maganin hana lalacewa. Ya taɓa ɗanɗana mini. Ba shi da nauyi, kuma ba tsararo ba ne. Da farko za ka ji ɗan tsami kamar na zoɓo, sai zaƙin ɗinya, daga baya ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Na nuna masa guggubin da ya kwanta a gindin kwalbar, na ce ai wannan burkutun Turawa ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Abu ne mai rai, Bitrus. Shi ya sa nake son sa.”

Da ciwo ya tsananta, ya ba ni kwalba ɗaya, ya ce a buɗe ranar da ’yarsa Naomi ta gama jami’a. Matarsa Saratu ba ta taɓa sha ba. Ta ce sai ranar za ta ji abin da mijinta ya dame ta da labarinsa.

A garinmu abu mai daraja ba a ɓoye shi. Mahaifiyarmu jera kwanukanta take yi inda baƙo zai gani. Ni ma na sa kwalbar a kabad ɗin gilashi na falona a Brickfields, a tsaye, tana kallon taga. Duk Asabar ina goge ta. Ranar garin nan kuwa tana dukanta kullum da yamma.

Watan jiya Naomi ta gama karatunta a Bukit Jalil. Bayan coci muka taru a wurina, na yi tapau, wato na sayo abinci a ƙunshe. Da na ja toshiyar, sai ta marmashe a hannuna. Abin da ya zubo ruwan ƙasa ne, ba ja ba, yana warin tsami mai hawa kai.

“Baba ƙarami, a rana ka ajiye shi?” in ji Naomi. “Irin wannan, sanyi yake so, lah.” Haka mutanen garin nan suke rufe magana.

Saratu ta ɗauki kofinta ta kurɓa. Na ga fuskarta ta yamutse, amma ta haɗiye. Ta ce, “Maigidana ƙarami, ashe yayanka ƙarya ya yi ta shara mini.” Kowa ya yi dariya, ni na kasa ɗaga kai.

Ina ta tunanin abin da Yaya zai ce. Ba mai faɗa ba ne. Wataƙila ya shinshina ya ce na dafa shi da kyau. Ya gaya mini abu ne mai rai, ni kuma na riƙe shi kamar kwanon ado.

Naomi tana da dariyarsa, wannan bai lalace ba. Amma kwalba ɗaya ce, ranar ma ɗaya ce. Saratu ta jira shekara biyar, kuma har yau ba ta san ɗanɗanon ba.