Malam Datti da Mai Bayani na Bakwai

Datti Ashiru mutumin Kwandiko ne a ƙasar Gwaram, ɗan gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Ashiru, ya shekara arba'in yana karantarwa a zauren gidansu, kuma bai taɓa faɗin wata magana ta ilimi ba sai ya ambaci wanda ya ji ta a bakinsa. A haka Datti ya tashi. Da ya yi boko ya zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Birnin Kudu, ɗalibai suka san shi da "in ji wane". Ko zancen ruwan sama yake yi, sai ya faɗa musu inda ya samo.

Yana da shekara arba'in da uku ya nemi digiri na biyu, irin wanda ba a zama aji sosai, bincike ake yi a rubuta kundi. Abin da ya zaɓa shi ne yadda tsofaffin manoma ke lissafin damina da taurari. Ranar rajista aka miƙa masa littafin dokokin jami'a, shafi saba'in da wani abu, duk da Turanci. Ya karanta shi kamar yadda aka koya masa karatun littafi a gida, layi-layi, yana sharhi a gefe da jan biro.

Doka biyu suka tsaya masa a wuya. Ɗaya ta ce duk maganar da ɗalibi ya ɗauko bai ambaci mai ita ba, sata ce, hukuncinta kora. Wannan ta yi masa daɗi, don ya ga kamar daga zaurensu aka kwaso ta. Ɗayar, can gaba, ta ce duk wanda aka yi hira da shi dole a ɓoye sunansa, a ba shi lamba. Ya karanta su sau uku, ya rasa ta inda suka haɗu.

Ya kai wa Dakta Lailatu, wadda aka ba duba aikinsa. Mace ce mai fara'a, amma kullum a gaggauce take.

"Malam Datti, ai ba su saɓa ba," in ji ta. "Ta farko ta masu littafi ce, ta biyu ta mutanen da ka tambaya."

"Ranki ya daɗe, to idan wanda na tambaya ya fi mai littafin sani fa?"

Ta yi dariya, ta ce ya je ya fara aiki tukuna.

Ya yi damina biyu yana zagaya ƙauyuka a kan babur. Ya tattauna da mutum ashirin da ɗaya, amma rabin kundin daga bakin mutum ɗaya ya fito: Baba Sabo na Kiyako, tsoho ɗan wajen tamanin, wanda idonsa ya fara rauni. Shi ya bayyana masa abin da ake shukawa a lokacin tauraron Zira'a da abin da ba a yi wa gaggawa sai tauraruwar Ɗarfa ta shiga, da yadda ake gane ruwan yaudara na farkon shekara. Yakan kawo shekarun da lissafin ya ci tura, ya faɗi dalili.

Da Datti ya gama babi na huɗu, ya je ya fassara masa. Tsohon yana gyaɗa kai, har aka zo inda aka ce "Mai Bayani na Bakwai ya ce".

"Wane ne wannan?"

"Ku ne, Baba."

"Ni ne na bakwai? Su wa suka riga ni?"

Datti ya yi ta bayani, wai jami'a na kare mutuncinsa ne, kada wani ya cutar da shi.

"Wa zai cuce ni don na ce a shuka gero? Malam, ubana Ɗanbala ya koya mini wannan, shi ma a wurin ubansa. Ka rubuta Sabo ɗan Ɗanbala, ko ka mayar mini da maganata."

Datti ya dawo kansa a ɗaure. A sashensu aka ce ba huruminsu ba ne, ya je makarantar manyan digiri. Can aka tura shi kwamitin ɗa'ar bincike. Sakataren kwamitin ya ce akwai hanya: mai maganar ya sa hannu a wani fom na musamman. Sai dai fom ɗin yana cikin sabon littafin dokoki, shi kuwa Datti da tsohon littafin ya yi rajista. Wanne ke hawa kansa? Sakataren ya ce sai kwamiti ya zauna. Kafin ya zauna aka shiga yajin aiki.

Wata bakwai ƙofa a rufe. Dokar ta ce wanda ya wuce zango shida ba tare da ya gama ba, an sallame shi. Datti ya tambayi mutum huɗu ko watannin yajin na cikin lissafi. Biyu suka ce e, ɗaya ya ce a'a, na huɗun ya ce ya danganta. Matarsa Mahbuba ta ce tun da ya fara karatun nan bai ƙara amsa tambaya kai tsaye ba, ko ta ce tuwo ko shinkafa sai ya ce bari ya duba.

Da aka koma, kwamiti ya amince a ba shi fom. Ranar Asabar ya hau babur sai Kiyako. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, an yi sadakar ukun Baba Sabo jiya. Buba, babban ɗan marigayin, ya ce in dangwala yatsa ne shi zai yi, ai kowa ya ji tsohon yana faɗa. Datti ya kai takardar haka. Sakataren ya juya ta, ya ce doka ta ce mai maganar da kansa, ba ta ce komai a kan magada ba.

Haka ya shiga kare kundi da lamba bakwai a ciki. Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya yaba aikin, sannan ya cire tabarau.

"Wannan na bakwai ɗin malami ne, ba mai amsa tambaya ba. Don me ka binne shi? Gyara na farko: a sa sunansa."

Datti ya tuno littafin dokoki. Doka ta ce ba a karɓar kundi sai an yi duk gyaran mai jarrabawa na waje. Doka kuma ta ce ba a karɓa sai da hatimin kwamitin ɗa'a. Kwana talatin aka ba shi.

A kwana na ashirin da shida Dakta Lailatu ta kira shi ofis, ta tura ƙofa.

"Ka duba littafin nan kaf. Akwai dokar da ta yi magana a kan shafin sadaukarwa?"

Ya bi shafukan a ransa ɗaya bayan ɗaya. Babu.

"To, ka rubuta abin da ka ga dama a can. Ni zan gaya wa Farfesa an sa suna, kwamiti kuma babi suke dubawa."

"Ranki ya daɗe, wannan bin doka ne ko kauce mata?"

"Malam Datti, saura kwana huɗu."

Ya rubuta: ga Sabo ɗan Ɗanbala na Kiyako, wanda mafi yawan abin da ke babi na huɗu nasa ne. Kowa ya sa hannu. Bayan wata biyar sakamako ya fito, ya ci.

Har yanzu yana koyarwa a Birnin Kudu. Ƙananan malamai masu shirin digiri na biyu kan zo masa da littafin dokokinsu, don an ce ya haddace shi. Yakan zaunar da su, ya nuna musu shafi da lamba, amma in suka tambaye shi me za su yi, sai ya ce su je su tambaya a rubuce, su ajiye amsar. Shugaban makarantar ya sha yi masa maganar digiri na uku. Kullum Datti cewa yake a bari sai an gama girbi.