Ranar da Motata Ta Karkata da Gwaggo

Ko na tsufa na manta lambar wayata, ba na jin zan manta da ranar da motata ta nemi ɓata auren ƙanina.

Motar Beljiyam ce, irin wadda take zaune a kan balan-balan na iska maimakon sifirin. Akwai kwamfuresa da ke hura su, akwai kuma sensa a kowace ƙafa da ke gaya wa motar ko ta yi ƙasa ko ta yi sama. Lafiyarta ƙalau, ni ne dai ban iya barin abu ya zauna lafiya ba. A intanet na ga wata 'yar na'ura da ake ƙara wa irin waɗannan motoci, wadda za ta ba ka damar ɗaga mota ko sauke ta daga wayar hannunka. Na yi oda.

Da ta iso na kai wa wani abokina rewaya, mai gyaran wutar mota, a Jigwada. Muka kwance bayan but, yana haɗa wayoyi ni kuma ina karanto masa bayani. Da muka gama, na danna, mota ta miƙe. Na sake dannawa, ta durƙusa kamar raƙumi. Muka yini muna saiti da tef ɗin awo har kusurwoyin huɗu suka daidaita. Ya ce, "Oga, yanzu ko a Abuja sai an kalle ka." Abin da bai faɗo mana a rai ba shi ne mu sa mutum a ciki mu gani.

Washegari ne kai lefen ƙanina garin Agwada, kuma ni zan ɗauki Gwaggo, yayar mahaifinmu. Ita ce bakin danginmu, in ba ta je ba babu mai buɗe akwati. Mace ce da Allah ya yi wa jiki, ba ta kuma son a yi zancensa ko da wasa.

Na faka a ƙofar gidanta a unguwar Yara, mata sun cika waje. Don burgewa na sauke motar ƙasa, Gwaggo ta shiga ba wahala. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yau gwiwata ta huta." Ta zauna a baya ta hagu, na tayar da mota.

Sai na ji kwamfuresa ta kama gurnani. Gefen dama ya fara tashi. Gefen Gwaggo kuma ya yi wani dogon tsaki, fiiish, ya nutse. Kafin in ce wani abu motar ta karkace kamar kwalekwalen da ruwa ya shiga, Gwaggo ta manne da ƙofa, ɗankwalinta ya zame. Wata daga cikin matan ta kasa daurewa ta fashe da dariya, sauran suka bi.

"Buɗe mini!" in ji Gwaggo. Da ƙyar muka fito da ita. Ta gyara mayafi ta dube ni. "Wato ka tara mini jama'a ne ka auna ni? Har da tsaki? To ku je ku kai lefen, ni na fasa."

Ta shige gida. Ƙanina yana ta kira, dangin amarya sun gama girki suna jira. Na kira rewaya ina gumi. Da ya ji bayani ya ce, "Kai! Oga, mun juya sensa na baya. Na hagu yana dama, na dama yana hagu. In hagu ya yi nauyi, dama take hurawa." Na ce yanzu ya za a yi? Ya ce in bar ta ta daidaita ba kowa a ciki, sannan in zare fis ɗin da ke ba kwamfuresa wuta. Haka na yi.

Motar ta fi Gwaggo sauƙin gyara. Na shiga na durƙusa gaban Gwaggo ina bayanin sensa, ko kallona ba ta yi ba. Da na ga Turanci ba zai fisshe ni ba, sai na roƙe ta ta leƙo ta taga. Na mayar da fis, na kira matar da ta fara dariya, wata siririya, na ce ta zauna a wurin. Allah ya taimake ni, motar ta yi mata tsakin nan, ta karkace da ita har tana ihu a fito da ita.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ashe motar ce ba ta da tarbiyya." Ta fito, amma ta kafa sharaɗi: a tsakiya za ta zauna, kuma in sake zare fis ɗin in ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zaninta. Haka muka tafi Agwada a hankali, muna jin kowane rami a ƙugu, muka isa bayan la'asar. An karɓi lefe, an yi aure, yau har da 'ya'ya.

Tun daga ranar, duk abin da na gyara sai na ɗora masa kaya na gwada kafin in yarda da shi. Kuma na daina gwajin sabon abu a ranar da take ta wani ce, domin in ya lalace ba ni kaɗai zan sha kunyar ba.