Akushin Dodo a Wajen Ciyayya

Dodo Amadu yana da shekara sittin da huɗu. Manomi ne a Gangara, ranar kasuwa kuma yakan ɗauki kayan mutane a amalanken shanu. Matarsa Cima ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa maza biyu suna Agadas wajen nema. Hamdiya, matar babban, ita ke dafa masa.

Kakanninsa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, amma ba su rabu da man shanu ba. Dodo ya tashi yana zuba shi a tuwo har ya kwanta a gefen akushi, kuma tun yana saurayi yake tauna taba da kanwa. Mahaifinsa ya faɗi a gona ranar roron wake, hannu dafe da ƙirji, bai kai la'asar ba. Aka ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya ƙara tambaya.

Bayan rasuwar Cima, ciyayya ce ta riƙe shi. Kullum bayan magariba su huɗu kan fito da abincin gidajensu ƙofar Yahuza mahauci: shi, da Yahuza, da Ɗanbaba tela, da Iro abokinsa tun suna yara. A jera kwanuka a tabarma, a cinye ɗaya a jawo ɗaya. Shekara talatin suna haka. A nan ake jin kuɗin hatsi da wanda ya sayar da sa, a nan ake tsokanar Ɗanbaba cewa yakan yi loma biyu kafin sauran su yi bisimilla. Yahuza kan ƙara musu da kitsen da ya yi kwantai.

Bara da kaka, Iro ya miƙa hannu zai yanki tuwo, hannun ya ƙi. Bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, sai washegari Dodo ya ɗora shi a amalanke zuwa asibiti. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama, kuma jinkirin da aka yi ya ƙara ɓarna. Da ya ga Dodo tsaye da taba a kumatu, sai ya ce shi ma ya miƙo hannu a auna jininsa. Awo ya nuna sha tara, alhali na mai lafiya sha biyu ne.

Dodo ya ce shi ko ciwon kai ba ya yi. Majo ya ce Iro ma haka zai ce shekaranjiya. Ya gaya masa shekaru da gadon uba babu yadda za a yi da su, amma gishiri da kanwa da kitse da taba suna hannunsa. Ya ba shi ƙwaya ta kullum.

Barin taba ya ci masa wata biyu na ɓacin rai, ya dai bari. Hamdiya ta fara ware masa miya a ƙaramar tukunya, gishiri ɗan kaɗan, babu mai. Ya ɗauki akushinsa ya kai tabarma kamar kullum. Ɗanbaba ya ɗanɗana, ya dube shi.

“Dodo, wannan miya ce ko ruwan wankin tukunya?”

Aka yi dariya, har da shi. Amma akushin ya koma gida a cike, kuma a unguwar, kwanon da ya dawo daga ciyayya ba a taɓa ba abin kunya ne ga wadda ta dafa. Hamdiya ta buɗe, ta rufe. Da ya gwada janye hannu daga kwanukan sauran, Yahuza ya tambaye shi ko ƙyamar girkin matansu ya fara. Sai Dodo ya koma cin nasu, har da kitsen. Bayan wata ɗaya awo ya nuna sha takwas.

“Baba,” in ji Majo, “ko ka bar tabarmar nan, ko a shimfiɗa maka kusa da abokinka.”

Ya bari. Yanzu a zaurensa yake ci, da rediyo a gefe. Ƙofar Yahuza ba ta da nisa, yana jin dariyarsu in iska ta juyo, ba ya jin abin da aka faɗa. Suna gaisawa a masallaci, ba wanda ya yi fushi da wani. Labarin gari dai sai ya kwana uku kafin ya iso shi. Awonsa na watan jiya sha huɗu ne.

Iro yana gida, yana jan ƙafa, kalmominsa kaɗan ne. Matarsa ta gaya wa Hamdiya a bakin rijiya cewa ba ya yarda ya ci abinci a gaban kowa, don da hagu yake ci. Sai an ajiye masa an fita.

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan magariba, Dodo ya ɗauki akushinsa ya wuce ta ƙofar Yahuza. Ɗanbaba ya ɗaga murya ya tambaye shi ina za a kai ruwan wankin tukunya, Dodo ya ce gaba. Ya yi sallama a zauren Iro, ya same shi jingine da bango. Ya ajiye akushin tsakaninsu, ya wanke hannu, ya tura masa butar ta ɓangaren hagu. Sannan ya juya fuskarsa wajen ƙofa ya fara ci, bai waiwayo ba sai da ya ji wani hannu ya shiga akushin.