Ina ne kudu?

Jama'a, yau shanu ne suka cece mu!

Ni da ƙanwata Rabi muka hau dutse wajen Fagam, wai mu zagaya mu sauko. Ko'ina bishiyoyi, hadari ya rufe rana. Duk inda muka bi, sai mu dawo gindin tsamiyar da muka bari. Ruwanmu ya ƙare, Rabi ta gurɗe ƙafa, waya ba sabis.

Sai ga wani dattijo da shanunsa. Na ce, "Baba, ina hanyar sauka?"

Ya ce, "Ku yi kudu."

Na ce, "Ina ne kudu?"

Ya ce, "Daga ina kuke?"

Na ce, "Birnin Kudu."

Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "To ku bi shanun nan, su sun sani."